Muryar Ljerka a Ƙarƙashin Yatsana

…ba haka ba, Ljerka, wannan muryar ta yi kauri, kamar kina mura. In ɗan ɗaga yatsa daga kan faifan — yanzu kuma kin koma ɗan tsako.

Faifai ɗaya tal muka yi. Ke a gaba kina waƙa, mu a baya, gashi a miƙe kamar mun taɓa wayar lantarki. Garin Rijeka kaf ba wanda ya kai ni ganga, har gobe, a je a tambaya. Ni da aka kora daga makaranta don na cusa kifi a aljihun kwat ɗin hedimasta, ga ni a bangon faifai, a tsakiya. To, a gefe. Rabin fuskata dai ta fito.

Laifin mutumin kamfanin faifai ne, mai gashin bakin nan na Zagreb. Wai sabon kiɗa gudu yake so, matasa ba sa rawa da jan ƙafa. Ya ƙara wa tef sauri kafin a buga. Kika saurara, kika ce, "Wace ce wannan? Ɓera?" Na daɗe ina miƙo miki cuku, abincin ɓera, a gaban mutane. Kin yi dariya ai… kin yi? Kin dai jefe ni da takalmi.

Za mu gyara a na biyu, kika ce. Sai hanyar bakin teku, ruwan sama, kwanar nan da mota ta yi haɗari da ke… Tef ɗin asali kuwa sun goge, sun ɗora waƙoƙin biki a kai.

Ga 'yarki Tajana a kujerata, kofi ya huce a hannunta. Ta girme ki yanzu, kin sani? Tana rarrafe kika tafi. "Kawu Zdenko, ainihin muryarta nake so. Kai ka ce za ka iya."

Na ce. Me ban taɓa cewa ba?

Yatsa a gefen faifai, in danne kaɗan, juyi ya ragu, murya ta sauko… nan? Ƙasa kaɗan? Idan kina kira na jaki, ta ina take fitowa — maƙogwaro, hanci? Ina ganin bakinki sarai, har haƙorin nan da ya gutsure. Sautin ne babu. Duk shekarun nan ta faifai nake saurara, ita ta zauna min a kunne, ta cinye taki…

"Nan ne?" in ji Tajana. Ta sunkuyo, ko numfashi ba ta yi.

In na ce e, da wannan za ta tafi gida har abada. Ƙarya ce sana'ata, ban taɓa jin nauyinta ba.

Ina dannawa, ina saki. Kina hawa, kina sauka, kina hawa…