Ƙwai Sittin a Tsohon Firiji

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, gari ya yi zafi kamar an rufe tukunya. Ina durƙushe a barandar maƙwabcina, kansa a kan cinyata, ina ta nanata masa kalmar shahada a kunne.

Baba Mai Ƙwai muke ce masa. Gidan haya ne, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Ni gyaran wutar lantarki nake yi, shi ya sa yake kira na Injiniya, alhali ya san daga aji huɗu na bar makaranta. Ni na haɗa masa injin ƙyanƙyasarsa da tsohon firiji: fitilu biyu, 'yar fanka, kwanon ruwa a ƙasa, da ma'aunin zafi a rataye. Ƙwai sittin ne a ciki, ranar kwanansu goma sha ɗaya. Kowanne ya yi masa alama da fensir, layi a gefe ɗaya, sifili a ɗaya gefen, don kada ya rikice wajen juyi. Sau uku a rana ake juya su. In an bari, ɗan tsakon ya manne da ɓawo ya mutu.

Ya buɗe firijin ke nan sai ya yanke jiki ya faɗi. Ƙarar kwanon ruwan ce ta fito da ni. Inna, matarsa, ta tafi karɓo masa maganin hawan jini, sauran 'yan haya kuma duk suna wajen nema.

Ya buɗe ido ya ce in rufe ƙofar firijin, zafi yana fita. Na tura ta da ƙafa.

Na ce, "Baba, ka ce La'ilaha illallah."

Ya dube ni kamar na katse masa aiki.

"Juya su, Injiniya. Sifili sama."

Leɓensa ya ƙara motsi kaɗan, ban ji komai ba. Daga nan kansa ya yi nauyi a cinyata.

Wansa, wanda kowa ke kira Babban Yaya, shi ya fara isowa da jama'a. A gaban mutane ya dafa kafaɗata ya tambaya ko da kalmar ƙanensa ya cika. Na buɗe baki na ce ina ta nanata masa, ban kai ƙarshen maganar ba ya ɗaga hannuwa sama yana hamdala. Kafin a dawo daga maƙabarta labarin ya yi ƙiba. Wai sau uku ya faɗa, yana murmushi, yatsansa a ɗage. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce wa Inna ta share hawaye, mijinta ɗan Aljanna ne, ga shaida nan zaune. A nuna ni. Ni kuwa in sunkuyar da kai. Ban yi ƙarya ba, amma ban hana ta tafiya ba.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Amsa gaisuwa kawai take yi, haƙoranta a cije.

Rana ta uku na juya ƙwan da sassafe na fita wani aiki. Da azahar na dawo na tarar gidan ya yi tsit, ga mutane cike. Inna na tsaye a baranda riƙe da wayar firijin. An zare ta daga bango, an jona caji mai baki biyar, wayoyin hannu na masu zaman makoki na kwance a kan firijin a jere. Na leƙa ma'auni. Ya sauka ƙasa warwas. Tun safe ke nan.

Ta tambaya wa ya cire. Kowa ya kau da kai. Ta sake tambaya. Sai Babban Yaya ya gyara zama a kan tabarma ya ce shi ya sa a cire, ya ɗauka mataccen firiji ne, ko sanyi ba ya yi.

Ta fizge cajin. Wayoyin suka zube a siminti, ɗaya ta tsage.

Babban Yaya ya ce, "Haba, matar ƙanena. Ƙwai ne fa. Shi yanzu yana inda ba ya bukatar ƙwai. Yana inuwa, yana hutawa."

"Ka je ka gano shi ne, Yaya? Ko waya ya ce zai yi maka daga can, shi ya sa kake caji?"

Mata suka hau istigfari. Wata ta jawo mayafinta, Inna ta doke hannun. Ta ce shekara talatin da huɗu tana tare da mutumin nan, ta san tarinsa, ta san takunsa, ta san ƙafar da yake fara sa wa takalmi. Yanzu an ɗauke shi an ba ta labari a madadinsa. Ta ce da 'yarsu guda ɗaya tilo ta rasu haka aka ce mata, tana can tana jiran ta a bakin ƙofa da ruwan sha. Shekara ashirin ke nan, ko a mafarki yarinyar ba ta leƙo ba.

"Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," in ji ta. "Ku riƙe inuwarku. Abu ɗaya ya bari da ɗuminsa a gidan nan, kun kashe don ku ji kira."

Babban Yaya ya miƙe yana kaɗa riga, ya ce baƙin ciki ba hujjar saɓo ba ne, ta ji tsoron ranar da za a tambaye ta. Ta ce tana jiran ranar, ita ma da tata tambayar. Ya tsinci wayarsa ya fita, rabin jama'a suka bi shi.

Ni dai na mayar da wayar firijin. Fitilun suka kawo, fanka ta ɗauka.

Bayan la'asar, da gidan ya rage, ta kira ni. Tana zaune a bakin ƙofarta, takalman Baba na gefe inda ya saba cire su. Ta ce in zauna. Ta ce ta san mijinta: mutumin da ko sallama sai ya gama abin da ke hannunsa yake amsawa. In faɗa mata abin da ya ce, ba abin da Yaya ya ce ya ce ba.

Na so in kauce. Na ga idonta, na san in na yi mata ƙarya yau, ba ta ƙara yarda da kowa a gidan nan. Sai na faɗa mata duka, da rufe ƙofar, da juyin, da sifili.

Ta dubi takalmansa.

"Ni fa? Ya ambace ni?"

"A'a, Inna."

"Allah fa?"

"Leɓensa ya motsa daga baya. Ban ji ba. Ba zan ce kalmar ce ba, ba zan ce ba ita ba ce."

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce ka ji mutum, rai na fita yana lissafin kwanan ƙwai. Ta zage shi, zagi irin na wanda aka saba da shi, ta ce masa mai taurin kai, mai kunnen ƙashi, sau nawa ta ce ya zauna ya sha magani. Sannan ta juyo kaina. Kwana uku ina zaune ana nuna ni kamar hatimi a takarda, bakina bai iya buɗewa ba? Na ce ban kyauta ba.

"To kai da ka riƙe kansa, faɗa mini. Ina yake yanzu?"

Na ce ban sani ba. Na ce karatuna bai kai nan ba. Abin da na sani, shekara shida muna bango ɗaya, ban taɓa tashi da asuba ban ji motsin butarsa ba, kuma ban taɓa ganin ya bar wani abu mai rai da ƙishi ba. In akwai wanda yake duba irin waɗannan, to ya gani. Ina fatan akwai. Ni kullum da wannan fatan nake sa goshi a ƙasa.

Ta ce, "Kai ma ka fara. Tashi ka ba ni wuri. Gobe ka zo ka fitar mini da akwatin ƙwan nan, ka kai bola."

Ta shige ta banko ƙofa.

Washegari ruwan da ya yi kwana huɗu yana alkawari ya sauko. Da na fito, tana zaune a baranda a kan sallaya, ta miƙe ƙafafu har gaban firijin. Carbinta na ajiye a kan takalmansa, ba a hannunta ba. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na tsaya da tocila da baƙin salatif a hannu, ina jiran ta ce in ɗauke shi.

Ba ta ce ba. Ba ta kuma dube ni ba. Ƙafafunta kawai ta janye.

Na durƙusa na buɗe. Na haska ƙwai na farko da tocila don in ga ko da rai a ciki, duhu ne a daskare. Na biyu ma haka. A na bakwai wani abu kamar inuwa ya motsa, ya tsaya. Ban ce mata komai ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har sittin, masu rai da waɗanda ban sani ba, na mayar da sifili sama. Na ƙara ruwa a kwano. Na naɗe wayar da bango da salatif, zagaye biyar, yadda sai da wuƙa za a cire.

Na rufe ƙofar a hankali don kada zafi ya fita. Tana can tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.