Kusar da Manaja Ya Ɗaura

Tsinke na tsugune yana kankare kan batir aka turo motar mijin yayarsa cikin garejin. Mutum uku na turi, mai motar kuwa yana zaune a ciki da gilashin ido, yana ba su umarni ta taga.

Manaja ake ce masa, ko da yake abin da yake shugabanta bai wuce shagon sayar da fenti ba. Shekara tara yana auren yayar Tsinke, bai taɓa kawo masa mota ba. A faɗarsa, motarsa ta zamani ce, ta fi ƙarfin masu ƙulle-ƙullen waya.

"Ƙanena, ba wani aiki ba ne," in ji shi yana fitowa. "An riga an sa mata kwamfuta, ga takardar. Famfon mai za ka sauya kawai."

Tsinke ya karɓa da yatsu biyu ya duba. "Sau nawa aka sauya shi?"

"Sau biyu. Jabu suke sa mini."

Tsinke ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, lambar matsalar da ke jikin takardar nan dai ta fito. Shi ya san lambar ba ta ce famfo ya mutu ba, cewa ta yi wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata. Amma ina waɗancan masu farar riga na wurin kwamfuta za su tsaya bin waya? Su karanta allo, su cire, su ɗaura sabo, hannunsu fes kamar na ma'aikacin banki.

"Yaushe take mutuwa?"

"Idan na faɗa rami. Ko ina cikin jin kiɗa."

"Kiɗa," Tsinke ya maimaita, ya tsura masa ido har Manaja ya gyara gilashi.

Ya zagaya ya buɗe but. Ga wata ƙatuwar lasifika ta cinye rabin wurin, an ɗaure ta da ƙasan motar.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni da hannuna," Manaja ya bugi ƙirji. "Ba komai ne sai an kira ku ba."

Tsinke ya yi ta murza makulli har motar ta tashi, ya dawo ya ɗora mita a kan wayar famfon, sannan ya naushi akwatin lasifikar da tafin hannu. Allurar ta faɗi, injin ya yi tari ya mutu. Ya ɗaga kafet ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun doguwa ce kamar ta kafinta, ta huda ƙarfe ta shige tsakiyar damin wayoyi, ta ci rabin wata ja.

Ya ɗaga kusar sama yadda kowa a garejin zai gani.

"Yallaɓai, ga jabun naka."

Mai faci da ke maƙwabtaka ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. Manaja ya ce ai dama ya yi zargin wajen, lokaci ne bai samu ba.

Tsinke ya yanke wurin da ya ƙone, ya haɗa da dalma, ya naɗe da tef, ya goge lambar. Minti ashirin. Motar ta tashi, ya naushi but sau uku, ko gezau.

Da zai tafi Manaja ya matso yana rage murya. "Ba sai yayarka ta ji ba. Na ce mata laifin kamfani ne."

"Lasifikar fa?"

"Mayar mini da ita."

Tsinke ya mayar, da gajerun kusoshi.

Bayan kwana biyu yayarsa ta kira shi tana murna. Ashe maigidan da kansa ya gano matsalar, shi ya nuna wa Tsinke inda zai taɓa.

"Haka ne, Yaya," in ji Tsinke. "Ki ce ina gaida injiniya."

Ya kashe wayar ya ja dogon tsaki, ya koma ƙarƙashin motar da ke gabansa.