Shayin Ramatou

Abdoulkarim bai gama goge tabarma ba 'yarsa Ramatou ta sake kelaya amai, wannan karon a kan ƙafarsa. Ko tsaki bai yi ba. Ya tallabe goshinta har ta gama, ya wanke mata baki.

"Sannu, Hajiya, sannu. Ya wuce."

Hajiya yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shekararta huɗu, kuma tun da uwarta Safiatou ta tafi Damagaram wajen suna, su biyu ne rak a gidansu na unguwar Bobiel. Yau ko biro, wajen aikinsa, bai leƙa ba.

Maƙwabciyarsu Halima, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo da safe kafin ta wuce aiki. Ta haɗa garin gishiri da sukari na farmasi da dafaffen ruwa, ta ce, "Baban Ramatou, kaɗan-kaɗan za ka ba ta, ba ɗura ba. In ta yi amai ka dakata jim kaɗan, ka ci gaba. Amma in la'asar ta yi ba ta yi fitsari ba, ka kawo ta likita, sai ƙarin ruwa."

To, ga azahar ta wuce, Hajiya kuwa ta kafe. Ya kawo cokali, ta datse haƙora. Ya kawo kofi, ta juya wa bango fuska. Leɓenta ya bushe, idanu sun fara faɗawa. Amma shi ba mutumin da zai zauna ya rafka tagumi ba ne.

Sai idonsa ya sauka kan kayan shayinsa. Kullum in 'yan fada, abokan hirarsa, sun taru a ƙofar gida, yarinyar nan sai ta maƙale tana roƙon a ɗanɗana mata, kullum kuma korarta ake yi.

Ya wanke butar shayi tas, ya zuba ruwan Halima a ciki. Ya tanƙwashe ƙafa, ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga buta can sama, ya tsiyaya cikin ɗan finjali, ya mayar, ya sake tsiyayawa.

"Baba, mene ne?"

"Shayi. Na manya ne."

"Ni ma babba ce."

"Haba, Hajiya! Manya ba sa kwankwaɗa. Kurɓa ɗaya suke yi, su ajiye, a yi hira."

Ta miƙo hannu. Ta kurɓa da ƙara, yadda take ji 'yan fada na yi, ta yamutsa fuska. "Da gishiri."

"Na farko ne, haka yake. Ya iyali, Hajiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau," in ji ta, ta sake kurɓa.

Sau ɗaya cikin ya dawo da ɗan abin da ta sha. Ya goge, ya ce mai shayi ya tafi hutu, can an jima ya ɗora na biyu. Wannan ya zauna.

Ladan na kiran la'asar, tana kwance a cinyarsa, ga makullin babur a hannunsa. Sai ya ji ɗumi na bin shaddarsa har gwiwa. Daidai nan waya ta yi ƙara, Safiatou ce.

"Baban Ramatou, ya jikin nata?"

"Alhamdu lillahi!" Dariya yake har da ƙwalla. "Ta jiƙa ni sharkaf."

Ramatou ta ɗago kai, ta tura masa finjali.

"Baba, saura na uku."