Kan Mashin da Farfesa Ya Tono

Shekara bakwai Farfesa yana tonon rami ɗaya kafin ya samu wani kan mashi na dutse. Ya ce ya girmi duk abin da aka taɓa tonowa a yankin, har ya gayyaci 'yan jarida. Ni aikina wanke duwatsu da rubuta musu lamba, ba na sa baki a harkar manya. Yayana kuwa bakinsa ba linzami. Shi ke sassaƙa wa ɗalibai irin waɗannan makamai don su ga yadda mutanen da suke yi, kuma da hannun nan nasa na hagu yake ciyar da gidanmu kaf.

Ranar Yaya ya shigo ɗakin ajiya ya tarar da ni da Farfesa, ya ɗauki kan mashin daga tire, ya jujjuya shi, sai ya fashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, ai wannan nawa ne."

"Naka kamar yaya?" in ji Farfesa.

"Dubi saran, duk na bahago ne. Bara na yi shi a bakin ramin, bai yi mini ba na yar. Ruwan sama ne ya tura shi ciki."

Ƙa'ida ce duk abin da ya sassaƙa ya ɗiga masa jan fenti don a bambanta shi da na gaske. Wannan ya manta, kuma ko a jikinsa.

"Ƙarya kake, jahilin banza!"

"To a kawo dutse in yi maka wani a gaban 'yan jaridar."

Yaya ya dafa tebur yana ta dariya. Farfesa ya rarumi wani gatarin dutse, na gaske, ya sauke masa a bayan hannun hagu. Na ji ƙarar ƙashi. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Jini ya fantsama a takarduna da fuskata. Yaya ya zube ƙasa yana kururuwa, yatsu biyu suna lilo, fata kawai ta riƙe su. Na shaƙo wuyan rigar Farfesa, ya hankaɗe ni na bugu da kantar ajiya, duwatsu suka zubo mini a ka.

Masu gadi suka shigo suka rirriƙe Farfesa. Ko kallon Yaya bai yi ba. Gatarin yake dubawa, ya ga bakinsa ya ɗan ɓantare.

"Kada kowa ya sa masa ruwa," in ji shi. "A kawo burushi mai laushi."

Wallahi ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ranar ba. Na cire mayafina na ɗaure hannun yayana. Ya kasa dubawa, sai tambayata yake ko yatsun suna nan. Na ce masa suna nan.