Ranar da Milijana Ta Yanke Leɓen Tsauni

Ruwan kaka ya ruɓar da ingiricin da ke gida, saura tarin da Milijana da mijinta Vukota suka baro a makiyayar bisa, can cikin tsaunukan Durmitor. In ba a sauko da shi ba, wuƙa ce makomar Sharulya, saniyarsu ɗaya tilo. Milijana kuwa ta fi son saniyar nan a kan rabin danginta, ba ta ma ɓoyewa.

Matsalar hanya ce, don ta ƙarƙashin wani gangare take bi. Dusar ƙanƙarar farko ta sauka da wuri a bana, sanyi ya gasa ta har ta koma kamar sikari. Sannan sabuwa ta zubo a kai, iska ta daddanne ta. Da suka iso da amalankensu na zamiya, Vukota ya haƙa rami da shebur, ya zura hannu har ƙasa. Garin ƙanƙarar ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Ko kyanwa ta taka nan sai ya zaftare," in ji shi. "Mu koma, tsohuwa. Zan wasa wuƙa."

"Wasa ta ka aske gemun nan," ta ce. "Ba igiya ka zo da ita ba?"

Ta nuna masa sama, inda iska ta gina wani ƙaton leɓen ƙanƙara a bakin tsaunin, yana leƙen gangaren. Vukota ya gane nufinta. Tunda abin zai faɗo, gara su faɗo da shi da kansu, suna tsaye a bisansa.

Suka hau ta kan duwatsun gefe, yana mita tana haki. A sama suka ƙulla ƙulli-ƙulli a igiyar, suka zagaya da ita ta bayan leɓen, kowa ya ja baya ya riƙe bakin igiyar ɗaya. Suka shiga ja kamar masu zarto.

"Ja mana! A wajen cin tuwon kachamak ba haka hannunka yake ba."

"Da bakinki muka sa, da tuni ya yanke."

Hannunta ya mutu, amma ba ta saki ba. Can sai igiyar ta yi sako-sako. Leɓen ya rufta, gangaren ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, ya tafi gaba ɗaya da rugugi har kwari. Da ƙurar ta lafa, sai ga ciyawar bara a fili, babu sauran abin da zai faɗo wa kowa.

Vukota ya cire hula ya daɗe yana kallo. Milijana ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya kama ta irin wanda ta manta da shi.

Da la'asar suka shigo gari, ingirici a kan amalanken ya fi tsayinsu, maƙwabta na leƙe ta taga. Milijana ta cika wa Sharulya gabanta, sannan ta ɗauko wuƙar daga kan ƙusa ta miƙa wa mijinta.

"Ungo," ta ce. "Yanko mana burodi."