Makon da Wayar Mma Bashiratu Ta Yi Ladabi

Tun da aka idar da sallar asuba ranar Alhamis Mma Bashiratu take duba wayarta, wayar kuma ta ƙi cewa uffan. Ta ajiye ta a kan firij, ta ɗauka, ta cusa a ƙugun zani, ta zaro, har girgiza ta sai da ta yi kamar yadda take girgiza gorar burkina, ko wani saƙo ya maƙale a ciki. Babu komai. A cikin firij kuwa gora ɗari da ashirin ne a jere, gero da nonon shanu da ta dama tun jiya da yamma. Duk wanda ya san burkina ya san zafin Tamale ba ya ba ta fiye da kwana biyu kafin ta yi tsami.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan sana'a a wani ɗan shago a Aboabo, ba allo, ba suna. Masu shigowa da ƙafa ba su da yawa. Cinikinta na gaske a waya yake: malaman makaranta a Kanvili, teloli a Sabonjida, ma'aikatan ofis a cikin gari. Kowace safiya takan aika musu saƙon murya, su amsa, ta loda wa mai yelo-yelo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, gorori ya rarraba. Saƙon nata dai ba na mai neman ciniki ba ne. Ga irin abin da takan aika wa Buraima tela:

"Buraima, burkina ta yi. In ka bari azahar ta wuce kada ka kira ni da muryar marayu. Kuma gorata biyu suna wurinka, ba gado na bar maka ba."

Da haka ta samu sunan da ake kiranta da shi a bayan ido, wato Mma Masifa. Ta san sunan, kuma yana mata ciwo, ko da yake ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ita a ranta mace ce mai tausayi, bakin ne kawai yake riga ta fita.

Abin da ya tayar mata da hankali wani sabon shago ne da aka buɗe a tsallaken titi, mai firij na gilashi da gorori masu takarda a jiki, kowace da suna da hoto. Mako biyu tana kallonsu ta gefen ido kafin ta haɗiye girman kai ta tafi Kanvili wurin Sista Selasi. Selasi mutuniyar kudu ce, tana da shagon buga katin biki da allunan shaguna, kuma ta daɗe tana shan burkinar Mma.

"Mma, kayanka yana da daɗi," in ji Selasi da Hausarta ta kasuwa, "amma ba shi da fuska. Ba suna, ba hoto. Kuma bakinka, sori o, yana koran mutane. Bizines yana da yadda yake magana."

Selasi ta yi aikin da zuciya ɗaya. Ta raɗa wa sana'ar suna Sanyin Rai, ta zana saniya tana murmushi a takardar da za a manna a jikin gora, ta cire hoton Mma mai ɗaurarriyar fuska daga wayar ta sa saniyar. Ta ba da shawara a ƙara sabon ɗanɗano mai zuma. Sannan ta rubuta saƙo da Turanci da Hausa: "Abokin cinikinmu mai daraja, muna farin cikin gabatar maka da sabuwar burkinarmu mai zuma. Jin daɗinka shi ne burinmu." Da ta karanta a fili sai Mma Bashiratu ta kau da kai tana gyara ɗankwali, don idonta ya ciko. Tunda take ba ta taɓa jin magana mai laushi haka ta fita da sunanta ba. Selasi ta sa ta yi alkawari: mako guda cur, ba saƙon murya.

Ranar Litinin aka aika wa kowa. Mutum uku suka amsa. Talata ba kowa. Laraba ta ce ai sabon abu sai an saba, ta dama cikakken kaso saboda Alhamis ce babbar ranarta. Ga Alhamis ɗin ta zo, hantsi ya dubi ludayi, waya shiru.

Ta share shagon da ta riga ta share. Ta buɗe firij ta rufe sau ba adadi, alhali ta fi kowa sanin buɗewar ce take kashe sanyin. Ta kira malamai biyu, layin ya ƙi shiga. Ta kira Buraima, shi ma haka. Ta zauna, kujerar ta ƙi zaunuwa. Can ta ɗanɗana gora ɗaya daga ƙasan firij, ta ji harshenta ya ɗan tsinke. Tsamin bai iso ba tukuna, amma ya kama hanya. Ta yafa mayafi, ta bar wa maƙwabciya shagon, ta tare yelo-yelo zuwa Sabonjida.

Buraima yana kan keken ɗinki da zare a baki. Yana ganinta ya miƙe.

"Mma, sannu da asara. An samo wayar?"

"Wace waya? Ga ta a hannuna. Kai ne dai ka toshe ni kamar na ci maka amana."

Buraima ya dubi wayar, ya dube ta, ya sosa ƙeya. Ya ce tun ranar Litinin labari ya zaga cewa an sace wayar Mma, 'yan damfara suna aika saƙo da lambarta don a tura musu kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya. An ce kowa ya toshe lambar, kada a amsa, kada a kira.

"Ai da na ga 'mai daraja' na san ba ke ba ce," in ji shi. "Shekara nawa, yaushe na taɓa zama mai daraja? Ga saniya tana dariya. Irin ladabin nan 'yan damfara ne kawai suke yi wa mutum."

Ranta ya yi mummunan ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Ta tambayi wanda ya fara yaɗa maganar. Buraima ya ce Ticha Yidana ne, tsohon shugaban makarantar nan na Kanvili, wanda rabin garin suka bi ta hannunsa, in ya faɗi magana ba a musa masa.

Duk hanyar Kanvili tana shirya abin da za ta gaya masa, tana gyara zama, tana ce wa direba ya ƙara wuta. Ta tarar da tsohon a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, ƙafarsa mai kumburi a kan kujera 'yar tsugunno. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Ticha, me na yi maka? Burkinata tana can tana tsami saboda bakinka."

Yidana bai yi gardama ba. Ya gyara tabarau, ya lalubo saƙon a wayarsa, ya miƙa mata, ya sa yatsa a kan kalma ɗaya.

"Zuma," in ji shi. "Bashiratu, shekara shida kina dama nawa daban, ba suga, kina ɗaura baƙin zare a wuyan gora don kada a haɗa. Kowace safiya kina ce min in na taɓa zaƙi ba za ki zo jana'izata ba. Sai ga saƙo da lambarki yana tallata min zuma. Wanda ya rubuta wannan bai san ni ba. Me kike so in ce?"

Ta sake karanta kalmar, ta mayar masa da wayar.

"Na so in zo in duba ki, ƙafar ta hana," in ji shi. "Tun da mai ɗakina ta rasu, ke kaɗai kike min faɗa da safe. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya tambaye ni ko na sha magani."

Mma Bashiratu ta zauna a kan dakali. Tausayinsa ya kama ta, kuma ta ji haushin kanta, don a cikin gorori ɗari da ashirin ɗin nan babu ko ɗaya mai baƙin zare. Murnar sabon suna ta sa ta manta da shi.

"To ka sha maganin?" ta ce a hankali.

"Na manta."

"Ka manta. Babba da kai, da furfura, ka koyar da rabin Tamale lissafi amma ba ka iya ƙirga ƙwaya biyu ba. Ba ni wayar nan."

Tunda kowa ya toshe lambarta, da wayar Ticha ta yi. Ta danna, ta kai ta bakinta, ta saki abin da ta kwana huɗu tana haɗiyewa.

"Ni ce Bashiratu, ba a sace ni ba, ba a sace wayata ba. Na yi muku ladabi kun gudu, to an gama. Burkina tana firij tun jiya, in ta yi tsami alhakinta a wuyanku. Buraima, gorata biyu. Malaman Kanvili, wanda bai buɗe lambata ba kafin azahar ya je ya sha ta shagon gilashi."

Yidana ya tura wa duk wanda ya sani yana dariya ƙasa-ƙasa. Kafin ta kai bakin titi wayarta ta fara kuka a ƙugun zani, wani kira yana katse wani.

Ba duka aka tsira da su ba. Gora ashirin da ɗoriya na ƙasan firij sun juya, ta zubar a kwata tana tsaki. Sauran kuwa kafin la'asar sun ƙare.

Selasi ta zo da yamma a kan babur, labarin ya riga ya kai mata.

"Mma, sori. Ni ne na ɓata."

"Ba ki ɓata ba. Takardar jikin gora tana da amfani, a bar ta. Saniyar ce za ki cire, haƙoranta sun yi yawa."

Selasi ta ciro biro. "To suna fa? Sanyin Rai?"

Mma Bashiratu ta ɗaga kai. Ta dubi shagon gilashi na tsallaken titi, sannan ta dubi wayar da har yanzu take motsi a kan firij.

"Rubuta yadda suke kirana."

"Mma..."

"Na sani tun tuni. Rubuta Burkinar Mma Masifa. A ƙasa ki sa: a girgiza kafin a sha, a dawo min da gorata."

Selasi tana rubutawa, ita kuwa ta riga ta juya baya. Ta ɗebi gero da nono a ƙaramar ƙwarya ta dama daban, ba ta sa suga ba. Ta ɗura a gora, ta yanko baƙin zare da haƙori ta ɗaura a wuyanta, ta fita neman yelo-yelo mai zuwa Kanvili.