Akushin da Ya Je Kotu

"Ɗauke min robar nan, ya binti. Na ce ba zan ci a roba ba."

Zubaidatu ta tsaya da faranti a hannu, tuwon shinkafa yana ta tururi, tana duban Inna Shatu da ke jingine da matasai. Tsohuwar ta rame har zoben azurfarta yana yawo a yatsa, amma bakin nan yana nan da kaifinsa.

"Inna, ai tangaran ne. Ko loma biyu ki daure."

"Tangaran ɗin ma ƙanen roba ne. Halas, shi ke nan, akushina nake jira."

Zubaidatu ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zariya. Aiki ya kawo ta Jidda, ta kama ɗaki ƙofa da ƙofa da Inna Shatu a wani tsohon bene na unguwar Nuzla, kuma tun ranar da ta sauke akwati tsohuwar ta mayar da ita 'ya, har da faɗan. Aikinta ya koya mata duban numfashin majinyaci, abin da take gani a jikin Inna kuwa bai yi mata daɗi ba. Kwanaki sun ƙure. Ga shi Munzali, ɗan Inna tilo, yana can Nijeriya, fasfonsa a hannun kotu.

Duk a kan akushi. Inna tana 'yar mitsitsiya iyayenta suka taho Hajji ta Sudan. Uwarta ta bar akushinta wurin ƙanwarta a wani ƙauye kusa da Gumel, ta ce a ajiye mata sai sun dawo. Ba su dawo ba. Da likitoci suka sallamo Inna gida, ba ta roƙi komai ba sai ta ci tuwo a akushin uwarta. Munzali, mai gyaran firiji ne a unguwar Mahjar, ya rufe shago ya tafi, ya tarar da jikokin ƙanwar suna cin tuwo a ciki har gobe. Suka wanke suka ba shi da hannu biyu. Zai dawo, a filin jirgi aka buɗe jakarsa, aka ga baƙin ice mai zane, tsoho tukuf. Wani matashin lauyan gwamnati, mai neman suna da zafinsa, ya shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar tarayya da ta hana fitar da kayan tarihi. Ɗauri yake nema, ba na wasa ba.

Inna takan mayar da abin raha in akwai mutane. Amma rannan Zubaidatu tana shafa mata mai a ƙafa, ta ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni na jefa ɗana a wannan hali, da kwaɗayina." Tausayi ya kama Zubaidatu, ta ci gaba da shafa man.

Yau kuwa, Zubaidatu tana shirin mayar da farantin kicin ke nan sai ga Dalal, matar Munzali, ta faɗo ɗakin ko takalmi babu, waya a ɗage. Ita haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa sarai, amma in ta ruɗe Larabci ke fita.

"Ya Ummi, Munzali! Min al-mahkama! Daga kotu! Yalla, ki ji, ki ji!"

Aka ɗora wayar a kan matashi. Muryarsa ta cika ɗakin, da ƙarar babura a bayansa.

"Ummi, an sallame ni!"

"Akushin fa?"

"Haba Ummi, ki fara tambayar ɗanki mana!"

"Kai ina jin muryarka. Shi ne ba ya magana."

Zubaidatu ta fashe da dariya har ta zauna a bakin gado. Munzali ya kwashe labari yana haki. Mai shari'ar mace ce, dattijuwa. Lauyan ya miƙe ya ce ai akushin aikin hannu ne, kuma ya tsufa, don haka doka ta hau kansa. Sai ta sa aka miƙo mata shi, ta juya shi, ta kai hanci.

"Wallahi Ummi, ta sansana! Ta ce, 'Wannan kayan tarihin naka man shanu yake yi da daddawa.' Kotu ta ɗauki dariya, har ɗan sandan da ke tsare da ni."

"To sai me?" in ji Zubaidatu, don ita hukuncin take son ji.

"Ta ce dokar da za ta kai mutum kurkuku ba a jan ta kamar danƙo. Iyakar abin da 'yan majalisa suka rubuta, iyakarta ke nan. Sun yi ta ne don masu haƙo kayan mutanen da, da masu sace na gidan tarihi su sayar a waje, ba don kwanon da iyali ke cin abinci a ciki ba. Ta ce in aka bi fassararsa, duk matar da ta fita da ludayin kakarta ta zama mai laifi, gidajen yarin ƙasar ba za su ɗauke su ba. In kuma yana son doka ta kai can, ya je majalisa, ba kotunta ba."

Dalal ta rangaɗa guɗa irin ta Hijaz, wadda ta sa maƙwabta leƙowa ta tagogi. Inna ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kuncinta, tana dariya.

"Alhamdulillahi. To ku rufa min asiri, kar wannan yaron lauya ya ji labarina. Ni ma na tsufa, kuma aikin hannu ce."

Yanzu saura hanya. Zubaidatu ta roƙi canjin aiki ta zauna da ita, tana ɗura mata ruwan zamzam da cokali, tana duban agogo a ɓoye. Tsoro take ji ƙwarai, kada jirgi ya sauka bayan an gama komai. Ranar da Munzali zai iso ta sauka layin bayan masallaci, inda matan unguwa ke baza kayan miya, ta zaɓo kuka mai kyau da daddawa, mai kayan ta ƙara mata man shanu ta ce na Inna ne.

Da hantsi ya shigo, jaka a kafaɗa, gemu ya yi buzu-buzu. Ya durƙusa ya sumbaci goshin uwarsa da hannunta. Ta riƙe kansa ta daɗe ba ta saki ba.

"Ka yafe min, ya waladi."

"Ummi, na je na ga dangi, na ga kotu kyauta. Me zan yafe?"

Ya zaro akushin daga cikin rigunansa. Baƙi wuluk, bakinsa ya ɗan cinye a gefe guda, a gindinsa kuma an manna 'yar farar takarda mai lambar kotu. Inna ta bi zanen da yatsa har ta kai wurin da ya cinye.

"Nan ni ce. Na yar da shi a bakin rijiya, na sha duka." Ta dubi Zubaidatu. "Ke kuma kin tsaya kallo? Yalla, zuba."

Aka zuba tuwo, aka kwarara miyar kuka, man shanu ya narke a kai. Inna ta ce ba ta san akushi da mutum ɗaya ba, kowa ya wanke hannu. Suka kewaye akushin su huɗu. Dalal, da ta saba da cokali, ta ƙona yatsu, aka yi mata dariya. Inna ta ci loma ta farko ido a rufe, ta ƙara, ta sake ƙarawa, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan. Zubaidatu ba ta taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Ranar Juma'a da safe Inna Shatu ta cika, hannunta cikin na ɗanta, tana amsa kalmar shahada. Aka yi mata salla bayan an sauko daga masallaci. Zubaidatu ta yi kuka sosai, amma zuciyarta a sake take.

Kwanakin zaman makoki benen ya cika da mata, ana ta zuba gahawa. Duk wadda ta shigo sai ta ce a nuna mata akushin da ya je kotu, a sake ba da labarin mai shari'ar da ta sansana, a yi dariya, a share hawaye, a yi wa Inna addu'a. A ciki aka riƙa kai wa tsofaffi tuwon sadaka.

Da jama'a suka watse, Zubaidatu ta wanke shi da kanta. Ta sa farce za ta ɓamɓare takardar kotun, sai ta fasa. Ta hau saman bene ta kife shi a kan katanga ya sha iska. Wata tattabara ta sauka kusa da shi, tana tsintar ɗan tuwon da ya maƙale a zanen.